Tambayoyi da amsoshi kan bambancin al'adu a mu'amalar matasa

Matasan yau suna cuɗanya da baƙin fuska fiye da yadda iyayensu suka taɓa yi, a jami'a, a wurin aiki, a filin wasa, uwa uba a cikin waya. A ƙididdigar UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗaliban da ke karatu a wajen ƙasashensu kimanin miliyan 2 ne a shekarar 2000, bayan shekara ashirin kuma sun haura miliyan 6. Waɗanda ba su taɓa tsallake iyaka ba su ma suna hira kullum da mutanen da suka tashi a wani gida da wata tarbiyya. Tambayoyin da ke biye su ne suka fi yawan fitowa daga bakin matasan da irin wannan cuɗanya ta ɗaure wa kai.

Idan aka ce bambancin al'ada, sutura da kiɗa da bukukuwa ake nufi?

Suna ciki, sai dai ba kasafai suke haɗa mutane faɗa ba, saboda ido yana ganinsu. Wanda ya ga abokinsa da shigar da bai saba gani ba ya san ya gamu da abin da ba irin nasa ba, don haka yakan yi hattara ko ya tambaya. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙa'idodin da babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana, amma muka tashi da su: wa ya kamata ya fara gaisuwa, yaya ake ƙin abu ba tare da an ɓata rai ba, jinkirin minti nawa ne ke buƙatar ba da haƙuri, ko ya dace yaro ya musa wa babba a gaban jama'a. Mutum ba ya kallon waɗannan a matsayin al'adarsu, yana kallonsu a matsayin hankali da sanin ya kamata. Shi ya sa idan wani ya saɓa musu, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne "wannan ba shi da tarbiyya", alhali kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Edward Hall, Ba'amurke masanin rayuwar al'ummomi, ya lura da haka a farkon shekarun 1950, lokacin da yake horar da ma'aikatan da gwamnatin Amurka ke turawa ƙasashen waje. Ya ga mutum zai iya koyon harshen ƙasa, ya haddace tarihinta, amma ya je ya ɓata da jama'a a kan tazarar tsayuwa ko tsawon gaisuwa. Littafin da ya fitar a 1959 kan wannan batu ana lissafa shi cikin tushen ilimin mu'amala tsakanin al'adu.

Ai mu matasa waya ɗaya muke riƙewa, ƙwallo ɗaya muke kallo. Ashe wannan bambanci bai ƙare a kan iyayenmu ba?

Bai ƙare ba, ɓuya ya yi. A ganina ma wannan ne tarkon da ya fi kama matasa. Dattijai biyu daga ƙasashe daban-daban sun san su baƙin juna ne, suna taka-tsantsan. Matasa biyu kuwa da suka tarar suna goyon bayan ƙungiya ɗaya, suna dariya kan bidiyo ɗaya, sai su saki jiki, kowa ya ɗauka ɗayan yana tunani irin nasa a komai. Ranar da maganar kuɗi ta shigo, ko ta iyaye, ko ta aure, ko wani ya yi wa wani gyara a gaban mutane, sai abin ya zo musu a ba-zata, zafin ma ya fi, don daga wanda ake ganin na gida ne ya fito.

Milton Bennett, wanda ya tsara matakai shida na fahimtar bambancin al'adu a 1986, ya ware mataki guda ga masu cewa "ai duk ɗaya muke". Ya sanya shi gaba da matakin musun bambanci da na ƙyamar baƙo, amma bai kai matakin karɓar bambancin ba. Dalilinsa shi ne mai faɗin haka, ba tare da ya ankara ba, yakan nufi cewa kowa irinsa ne.

Me ya sa wasu ba sa iya cewa a'a kai tsaye, wasu kuma sai su yaɓa maka magana ba kara?

Hall ya raba salon magana gida biyu a littafinsa na 1976. A wasu al'ummomi saƙo yana cikin kalmomin da aka furta: abin da aka faɗa shi ake nufi, kuma nauyin fayyacewa yana kan mai magana. Ya ba da misali da Jamusawa da mutanen arewacin Turai. A wasu kuwa, kamar Japan da Sin da ƙasashen Larabawa, rabin saƙon yana cikin yanayi: wa ya faɗa, a gaban wa, da wace murya, me ya tsallake bai faɗa ba. A nan nauyin fahimta yana kan mai sauraro, kuma hannunka mai sanda ya ishi mai hankali.

A ɗauki ɗalibai biyu da aka haɗa su rubuta aiki tare. Ɗaya ta turo daftarinta. Ɗayan ya karanta ya ce, "Sashe na biyu bai yi ba, a sake shi." A wurinsa ya girmama ta ne, ya ɗauke ta a matsayin wadda za ta iya jin gaskiya, bai kuma ɓata mata lokaci ba. Ita kuwa ta ji an yarfa ta. Mako na gaba shi ya turo nasa, ta ce, "Ka yi ƙoƙari sosai, wataƙila dai mu ɗan sake duba ƙarshen idan da lokaci." A wurinta ta gaya masa ƙarshen bai yi ba. Shi abin da ya ji shi ne an yaba masa, sai ya miƙa aikin yadda yake. Yanzu ita tana ganinsa mai taurin kai, shi kuma idan maki ya fito zai ga ta ɓoye masa gaskiya. Babu wanda ya yi ƙarya, babu wanda ya yi nufin cin mutunci.

A Japan, idan aka ce maka abu "zai ɗan yi wuya", sau da yawa an riga an ce a'a. A Iran akwai ladabin da ke sa mutum ya ƙi karɓar tayi sau ɗaya ko biyu kafin ya karɓa, wanda ya janye tayin tun daga ƙin farko ya nuna bai san kan abin ba. Kowane salo da abin da yake karewa. Mai magana keke-da-keke yana kare gaskiya da lokaci, mai kawaici yana kare mutunci da zumunci. Abin yi shi ne, idan batun yana da muhimmanci, ka maimaita abin da ka fahimta da bakinka: "Wato kina ganin a sake rubuta ƙarshen gaba ɗaya?" Wannan tambaya tana ba mai kara damar cewa e ba tare da shi ya fara furta suka ba.

Harshe ɗaya muke magana da shi, kuma dukanmu mun iya. Daga ina rashin fahimtar ke shigowa?

Daga abin da ke raka kalmomi. John Gumperz, masanin harshe, ya ba da labarin wani ɗakin cin abinci na ma'aikata a wani babban filin jirgin sama na Birtaniya, inda aka ɗauki mata 'yan Indiya da Pakistan aikin zuba abinci. Ba a jima ba shugabanninsu da ma'aikatan da suke zuba wa abincin suka fara ƙorafin cewa matan ba su da fara'a, magana suke a gadarance. Matan kuma suna ganin wariya ake nuna musu. Da aka naɗi muryoyi aka saurara, sai aka gano inda matsalar take. Idan ma'aikaciya 'yar Ingila za ta tambayi mutum ko a zuba masa romo, kalma ɗaya take faɗa tana ɗaga murya a ƙarshe, sai ta fito a matsayin tayi. Sababbin ma'aikatan kalmar nan dai suke faɗa, amma murya tana sauka, yadda suka saba yin tambaya. A kunnen Baturen Ingila sai ta zama kamar an ce masa "ga shi nan, ka ɗauka ko ka bari". Da aka zaunar da ɓangarorin biyu suka ji muryoyin tare, matan suka gane dalilin kallon da ake musu, shugabannin kuma suka gane ba rashin kunya ba ne.

Wannan labari yana da muhimmanci ga matasa saboda yawancin masu magana da Ingilishi a duniya ba shi ne harshensu na farko ba, haka abin yake ga da yawa daga masu Faransanci. Mutum yana ɗauko kalmomin harshen aro, amma amon muryar da salon roƙo da na godiya na gidansu ne.

Idan na yi tambaya aka yi shiru, ko kuma aka yi ta katse ni, me zan ɗauka?

Kada ka yi saurin ɗaukar komai. A 2009 Tanya Stivers da abokan aikinta suka auna tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a hirar yau da kullum cikin harsuna 10. A dukansu mutane suna gudun dogon shiru, suna kuma gudun haɗa baki, amma akwai ɗan bambanci: masu Japananci ne suka fi saurin amsawa, masu harshen Denmak suka fi jinkiri, da abin da bai kai rabin daƙiƙa ba. Ɗan wannan bambancin ya isa ya sa wani ya ji ana tsere da shi, wani kuma ya ji ana ja masa rai. Abin lura a nan shi ne Japanawa, waɗanda aka fi yi wa shaidar shiru, su ne suka zo na farko a sauri. Abin da aka saba faɗa kan wata al'umma ba kullum yake tsayawa ba idan aka auna.

Kallon ido da tazarar tsayuwa da alamun hannu fa?

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ba kowace fuska ake karantawa da ƙa'ida ɗaya ba. A wasu gidaje yaron da ya kalli babba cikin ido ya yi fitsara, a wasu kuma wanda ya sunkuyar da kai ana zargin yana ɓoye wani abu. Matashin da ya tashi a gida na farko ya je neman aiki wurin wanda ya tashi a na biyu, ladabinsa ne zai zama abin da ake tuhumarsa da shi.

Kan tazara, Hall ya auna a 1966 cewa Amurkawan da ya nazarta suna barin kusan santimita 45 zuwa mita 1.2 tsakaninsu da aboki, daga nan zuwa mita 3.6 kuma ga wanda harka kawai ta haɗa su. Wani bincike na 2017 da ya tambayi mutum kusan 9,000 a ƙasashe 42 ya nuna 'yan Romaniya ne suka fi nisantar baƙo, 'yan Ajantina suka fi matsowa. Idan irin waɗannan biyu suka tsaya hira, ɗaya zai yi ta matsowa, ɗaya yana ja da baya, kowa ya tafi da mummunan zato. A Bulgeriya ɗaga kai sama da ƙasa yana iya nufin a'a, girgiza shi kuma ya zama e. Game da musabaha ko runguma, musamman tsakanin mace da namiji, ka bar ɗayan ya fara, in bai miƙo hannu ba ka gaishe shi da baki da sakin fuska.

Abokina kullum a makare yake zuwa, ya ce haka suke. Gaskiya ne ko uzuri?

Yana iya zama duka biyun. Robert Levine, wanda ya fara sha'awar batun lokacin da yake koyarwa a Birazil ya ga ɗalibai suna shigowa aji a makare ba tare da damuwa ba, kuma ba sa gaggawar tashi idan lokaci ya cika, ya gudanar da bincike a ƙasashe 31 da aka buga a 1999. An auna saurin tafiyar mutane a titi, da saurin ma'aikacin gidan waya wajen sayar da kan sarki, da daidaiton agogunan bankuna. Suwizalan ta zo ta farko a saurin rayuwa, Meziko ta ƙarshe. Don haka bambancin na gaske ne. A wasu wurare agogo ne ke yanke hira, a wasu kuma ba a barin mutum tsaye ana cikin magana don a cika alƙawarin wani. Amma jarrabawa da jirgi ba su san wannan ba. Ku yi magana a fili: wane alƙawari ne "ƙarfe huɗu" ke nufin huɗu daidai, wanne ne ke da sassauci. Idan bayan haka ya ci gaba da shanya ka, to halinsa ne.

Me ya sa wasu ke kiran malami da sunansa, suna ja-in-ja da shi a aji?

Saboda inda suka tashi hakan alamar mai da hankali ce, kuma malamin da kansa yana jira a ƙalubalance shi. A Suwidin tun ƙarshen shekarun 1960 aka watsar da yawancin laƙabobin girmamawa a magana, kusan kowa ana kiransa da lafazi ɗaya. A Koriya ta Kudu kuwa sababbin abokai sukan tambayi shekarun juna tun a haɗuwar farko, don harshen yana buƙatar ka san wa ya girmi wa kafin ka zaɓi yadda za ka yi masa magana, ko da tazarar shekara ɗaya ce. Ɗalibin da ya yi shiru a aji yana iya zama mai girmama malami, wanda ya cika tambaya shi ma haka. Idan ka shiga sabon wuri, ka fara da girmamawar da ta fi yawa, su da kansu za su ce ka rage. Ragewa ta fi sauƙi a kan gyara raini da aka riga aka gani.

A waya ma ana samun wannan matsala?

A nan ta fi yawa, domin babu murya, babu fuska, sai rubutu tsirara da 'yan hotunan nan da ake kira imoji. Su kansu ba ma'anarsu ɗaya ba. Fuskar nan mai ɗan murmushi, wadda mutane da dama ke turawa da kyakkyawar niyya, a wurin matasan Sin da yawa alamar gatse ce ko ƙosawa. Hoton ƙoƙon kai, wanda babba zai gani ya tsorata, a wurin matasa da dama yana nufin dariya ta kai maƙura. Hannaye biyu a haɗe wani addu'a yake nufi, wani godiya, wani roƙo. Ga shi kuma hoto ɗaya yana iya fitowa da kama daban a wayar Apple da ta Samsung. Masaki Yuki na Jami'ar Hokkaido da abokan aikinsa sun nuna a 2007 cewa Japanawa sun fi karanta yanayin mutum daga ido, Amurkawa kuma daga baki, abin da ya yi daidai da yadda kowannensu ke zana fuskar murmushi da alamomin rubutu.

Akwai kuma ƙa'idodin da ba a faɗa: ko ya dace a faɗa kan buƙata ba tare da gaisuwa ba, awa nawa za a yi ba a amsa saƙo ba kafin ya zama wulaƙanci, ko saƙon murya na minti biyar kulawa ce ko ɗora nauyi. Shawarata ita ce duk maganar da ta fara zafi a rubuce a ɗauke ta daga rubutu. A kira, ko a haɗu. Kuma kada a yi wa mutum gyara a zauren da mutum hamsin ke karantawa idan ana iya bin sa ta gefe.

Na ga jadawalin da ke ba kowace ƙasa maki kan halayenta. In dogara da shi?

Ka san daga inda ya fito tukuna. Geert Hofstede, ɗan ƙasar Holan, ya tattara takardun tambayoyi sama da 100,000 da ma'aikatan kamfanin IBM suka cike a ƙasashe da dama tsakanin 1967 da 1973, ya fitar da sakamakon a 1980. Ya fara da ma'auni huɗu, waɗanda suka fi shahara su ne yadda al'umma ke karɓar tazara tsakanin shugaba da talaka, da kuma ko mutum ya fi ganin kansa shi kaɗai ko a matsayin ɗan dangi da jama'a. A ma'aunin tsayawa da kai Amurka ta sami 91, Guwatamala 6. A na tazarar iko Malesiya ta sami 104, Ostiriya 11. Aikin ya buɗe ido ƙwarai, ya ba mutane hanyar tattauna abin da a da sai dai a ji shi a jiki.

Amma a duba gejinsa. Ma'aikatan kamfani ɗaya ne, yawancinsu masu ilimin zamani, fiye da shekara hamsin da suka wuce. Ƙasa guda maki guda aka ba ta, ko da tana da harsuna ɗari. A wasu wuraren ma ƙasashe aka haɗa: Gana da Najeriya da Saliyo an dunƙule su a matsayin yanki ɗaya, haka ƙasashen Larabawa da dama. Hofstede da kansa ya yi gargaɗin cewa makin na al'umma ne, ba a auna mutum ɗaya da shi. Bambancin da ke tsakanin ɗan birni da ɗan ƙauye, ko mai kuɗi da talaka, ko kaka da jika a ƙasa ɗaya, sau da yawa ya fi wanda ke tsakanin ɗalibai biyu na ƙasashe daban.

To ina iyaka tsakanin sanin al'ada da yi wa mutane kuɗin goro? Tana wurin abin da kake yi idan mutumin da ke gabanka ya saɓa wa abin da ka karanta. Mai ilimi yakan ce, "Ashe wannan ba haka yake ba," ya gyara zatonsa. Mai kuɗin goro yakan ce, "Ɓoyewa yake, ai duk halinsu ɗaya." Abin da ka karanta kan wata al'umma zato ne na farko da ke hana ka mamaki, hukunci kuwa sai ka zauna da mutum. Kuma abin yana da ciwo ga wanda ake yi wa: a tambaye ka ra'ayin mutum miliyan ɗari kamar kai ne kakakinsu, ko a yaba maka da cewa "kai ba kamar sauran 'yan'uwanka ba ne".

Na zo karatu wata ƙasa da murna, yanzu komai haushi yake ba ni. Lafiyata ƙalau kuwa?

Ƙalau kake, kuma ba kai kaɗai ba ne. Kalervo Oberg ya bayyana wannan hali a wata lacca da ya yi a birnin Rio de Janeiro a 1954, aka buga ta a 1960. Ya ce yana tasowa ne idan mutum ya rasa dubban ƙananan alamun da ya saba dogara da su ba tare da tunani ba, har sayen abu a kanti ko shiga mota ya zama aikin da sai an yi lissafi. Ya kawo matakai huɗu: ɗoki, sai ƙunci da ganin laifin masu gari, sai farfaɗowa, sai sabo. Ba kowa ke bin wannan jeri ba. Binciken da Colleen Ward da abokan aikinta suka yi kan ɗaliban Japan a New Zealand, wanda aka buga a 1998, ya nuna damuwar ta fi tsanani tun a farkon zuwa.

Abin da ke taimakawa sananne ne: barci isasshe, abin yi na kullum, da aboki ko da ɗaya daga cikin 'yan gari wanda za ka iya yi wa tambayar da kake jin kunyar yi. Zama da 'yan ƙasarku yana sanyaya zuciya, kada ka guje shi, sai dai idan zaman ya koma na zagin masu gari kullum zai ƙara maka nauyi. Idan kuwa rashin barci ko rashin cin abinci ko ƙuncin ya ɗauki makonni yana hana ka karatu, ka ga likita ko mai ba da shawara na makaranta. Ka kuma shirya wa komawa gida, domin da yawa sukan tarar sun canja, gida ma ya canja.

Sai na bar al'adata kafin in zauna lafiya da wasu?

A'a. Wanda ya koyi harshe na biyu bai mance na farko ba. Sauya salon gaisuwa ko na gyara don mai sauraro ya fahimce ka daban, sauya abin da ka yi imani da shi daban. Kana iya cewa, "Wannan ba na yi, amma na gode da gayyata," ba tare da wa'azi ba kuma ba tare da jin kunya ba.

To komai aka yi sai a ce al'ada ce a yi shiru?

Ko kusa. Fahimtar dalilin abu ba amincewa da shi ba ce. Cin zarafi, da tilasta wa mutum abin da zai cutar da shi, da wulaƙanta wani saboda launinsa ko ƙabilarsa ko don mace ce, ba sa zama daidai don an daɗe ana yi. Sanarwar UNESCO ta 2001 kan bambancin al'adu, wadda ta ɗauki bambancin a matsayin gadon ɗan Adam baki ɗaya, ita da kanta ta ce ba a fakewa da shi a tauye haƙƙin ɗan Adam. Abin da ke taimaka mini wajen rarrabewa shi ne tambayar wa abin ya cutar. Idan ni ne kawai ban saba ba, haƙuri da koyo ne nawa. Idan akwai wanda ake zalunta, ko da shi ma ɗan al'adar ne, to magana ta wajaba. Kuma a kowace al'umma akwai 'yan cikinta da ke wannan muhawara tun kafin baƙo ya iso, su ya kamata a fara saurara.

Ya halatta in tambayi mutum game da addininsa ko al'adarsa?

Matambayi ba ya ɓata, amma tambaya iri biyu ce. "Yaya kuke yi a gidanku?" tana buɗe hira. "Me ya sa ku kuke yin kaza?" tuhuma ce da aka sa wa rigar tambaya. Ka tambaya a keɓe, ka yarda a ce maka ba a son maganar, kai ma ka shirya amsa irinta.

Na ɓata wa wani rai ba da niyya ba. Yaya zan gyara?

Ka ba da haƙuri a kan abin da ya ji, kada ka tsaya kare niyyarka tukuna. "Ban san haka abin yake a wurinku ba, ka yi haƙuri, ka nuna mini yadda ya dace" ta fi "ai ni ba haka nake nufi ba" saurin kashe wuta. Ka kuma lura da hanyar da ta dace da shi: wani yana son a zauna a fayyace, wani kuwa tono maganar ƙarin kunya ne a gare shi, ya fi son ya ga canji a aikace, ko a aiko wanda yake jin nauyinsa.

Idan kai aka ɓata wa, ka tuna da abin da masanin halayyar ɗan Adam Lee Ross ya yi bayani a 1977: mutane suna da saurin jingina kuskuren wani ga halinsa, su mance da yanayin da yake ciki. Idan wanin baƙo ne, sai a jingina wa ƙabilarsa gaba ɗaya. Kafin ka yanke hukunci ka raba abu uku a zuciyarka: me ya faru a zahiri, wace fassara na yi masa, wace fassara ce kuma za ta iya yiwuwa ban da tawa.

Mu masu shirya taron matasa ne. Haɗa su wuri ɗaya ya isa ya kawar da ƙyama?

Yana taimakawa, amma yadda aka haɗa su ne ke yanke hukunci. Gordon Allport na Jami'ar Harvard ya kawo sharuɗɗa huɗu a 1954: ɓangarorin su haɗu a matsayi ɗaya, su kasance da buri ɗaya, su yi aiki tare maimakon gasa, kuma hukuma ko shugabanni su mara wa abin baya. A 2006 Thomas Pettigrew da Linda Tropp suka tattara bincike 515 suka ga cewa cuɗanya a mafi yawan lokuta tana rage ƙyama, kuma tasirin yana ƙaruwa idan an cika waɗannan sharuɗɗa.

A shekarar 1954 ɗin dai Muzafer Sherif ya kai yara maza 22 'yan kimanin shekara 11 wani sansani a jihar Oklahoma ta Amurka. Launinsu ɗaya, addininsu ɗaya, gidajensu kusan matsayi ɗaya. Aka raba su gida biyu, aka sa musu gasa da kyaututtuka. Cikin 'yan kwanaki suka fara zagin juna, da ƙona tuta, da kai farmaki ɗakunan kwana. Da aka haɗa su cin abinci da kallon fim don su shirya, sai wurin ya zama fagen jifa. Abin da ya sauya su shi ne matsalolin da masu binciken suka ƙirƙiro waɗanda ɓangare ɗaya ba zai iya warwarewa ba: ruwan sansanin ya ɗauke sai da suka bi bututu tare, motar da za ta ɗauko abinci ta ƙi tashi sai da dukansu suka ja ta da igiya. A ƙarshe su da kansu suka nemi komawa gida a mota ɗaya. An soki binciken daga baya saboda rawar da masu shi suka taka wajen rura gabar, kuma yau ba za a yarda a yi wa yara haka ba.

Don haka idan kuna tsara shiri, ranar baje kolin al'adu inda kowa zai sa kayan gidansu ya yi rawa tana da daɗi, amma ba ta isa ba. Ku gauraya su cikin ƙananan rukunoni na mutum huɗu ko biyar, ku ba su aikin da zai ɗauki makonni kuma ba zai kammalu ba sai da hannun kowa, ku tabbata ba ɓangare ɗaya ne kullum ke shugabanci ko ke magana da harshensa na haihuwa ba, sannan ku ajiye babba guda da kowane ɓangare ya yarda da shi wanda za a kai wa ƙara idan an saɓa.